Shekarar da Na Sauka Daga Shugabancin Sashe

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da saukata daga shugabancin sashe a kwalejin koyon aikin lafiya da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinta a Kankiya. Kun ɗauka Malam Kabiru ne ya kai ƙarata aka tuɓe ni don ya hau kujerar. Shi ya sa har yau Safiya, babbarku, ba ta amsa gaisuwarsa sai da ƙyar, ku ƙannenta kuma kuka bi sahunta. A lokacin kunya ce ta ɗaure mini baki, daga baya kuma na ga kamar maganar ta wuce. Tunda ba ta wuce ba, gara na rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

Abin da nake koyarwa shi ne kula da mata masu juna biyu da jarirai. Ɗalibaina su ne waɗanda ake turawa ƙananan asibitocin ƙauye in sun gama, inda babu likita, wani wurin ma babu wuta. Yadda nake darasi kuwa kowa ya sani. In shiga, in yi sallama, in karanto abin da na shirya, in cika allo da rubutu, su kwafe, in fita. Ɗalibai na gaya wa sababbin shiga cewa ba a tambaya a ajin Malama Rabi. Malamai 'yan'uwana na ɗauka kwarjini ne, har wasu na yaba mini. Gaskiyar ita ce kunnuwana sun fara tafiya tun wani zazzaɓi mai zafi da na yi bayan haihuwar autanku, Nura. Da farko ƙananan muryoyi ne suka ɓace mini, sannan muryoyin 'yan mata in suna bayan aji, har ya kai in ba ina kallon bakin mutum ba, maganarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na koyi karanta leɓe ba tare da kowa ya koya mini ba. A taron malamai nakan riga kowa zuwa in zauna daf da shugaban kwaleji. In magana ta kuɓuce mini sai in taɓa hijabina in ce shi ne ya toshe mini kunne. Babanku kaɗai ya san halin da nake ciki.

A haka muke, bayan sallar layya ta waccan shekarar, shugaban kwaleji ya tara mu ya ce an kawo mana shirin inganta koyarwa. Wasu masana za su zo daga jami'a su yi mana bita. Bayan bitar za a haɗa kowane malami da ɗan'uwansa, ya riƙa shiga ajinsa yana kallo, ya ɗauki darasin a bidiyo, su zauna su duba tare. A ƙarshe shugabar shirin za ta dawo ta shiga ajin kowa da kanta. Ya ce babu ruwan shirin da ƙarin girma ko sallama daga aiki, amma babu wanda ya yarda da wannan a cikinmu. Ni dai ina ganin bakinsa ya furta bidiyo sai na kasa cin abincin rana.

Shugabar shirin sunanta Dakta Maryam, 'yar siririyar mata mai fara'a, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Tun ranar farko ta sa aka kwashe kujeru daga layi, ta rarraba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni na tattaunawa a lokaci guda. Ga masu kunne wannan abin daɗi ne. Ni kuwa sai ɗakin ya koma mini kasuwar Kankiya ana tsaka da ci, guguwar murya kawai nake ji, ban san bakin da zan kalla ba. Abin da take koya mana bai da wuya. Malami ya rage surutu, ya jefa tambaya, ya jira, ya saurari inda ɗalibi ya yi kuskure, daga nan ya san inda zai gyara. Duk abin da ta zo da shi a kan saurare yake tsaye, wato a kan abin da ba ni da shi.

Wata rana ta juyo gare ni tana tafe tana magana, rabin fuskarta na wajen allo. Kalma biyu na tsinta, tsawon lokaci da aji.

"Ya haura shekara ashirin, Dakta," na ce.

Ɗakin ya fashe da dariya. Ashe tambayarta ita ce, in na yi wa ɗalibai tambaya a aji, tsawon wane lokaci nake jira kafin in ba da amsar da kaina. Malamai suka ɗauka barkwanci na yi, har wani ya buga tebur. Na yi dariyar tare da su. Dakta Maryam ta yi murmushi, amma ta ɗan daɗe tana dubana kafin ta wuce, kuma wannan kallon ya bi ni har gida.

Da aka zo haɗa malamai, sai aka haɗa ni da Malam Kabiru. Ɗalibina ne a da, ni na koyar da shi, ni na sa baki aka ɗauke shi aiki. Ya zo ofishina yana sunkuyar da kai ya ce shi bai ga yadda zai duba aikin malamarsa ba. Na ce masa umarni ne, ya yi aikinsa. Ranar da zai shiga ajina na shirya kamar mai zuwa kotu. Darasin zubar jini bayan haihuwa ne, wanda ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi. Na yi niyyar ba zan bar ƙofar tambaya ba ko kaɗan, in ya so a ce ban bi sabon tsari ba, wannan ya fi mini sauƙi. Ya kafa wayarsa a bayan aji, na yi darasina daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba, na fito ina hamdala.

Washegari da la'asar, bayan an watse, muka zauna kallo a ofishina. Ban jin sautin wayar, sai na riƙa gyaɗa kai ina kallon bayana a jikin allo. Can tsakiyar darasin na ga wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Ta daɗe da shi a sama. Sannan ta miƙe tsaye, bakinta na motsi, ta yi magana mai tsawo. Ni kuma ga ni can ina rubutu, na juyo na ci gaba da karatu, idona a takarda. Yarinyar ta tsaya kaɗan, ta zauna, ta kifa kanta a kan benci. Na kusa da ita suka juya suna kallon juna. Malam Kabiru ya tsayar da bidiyon.

"Malama, kin ji abin da Zulai ta ce?"

"Wayar taka ba ta da ƙara," na ce.

"Na ƙure ta, Malama."

Sai ya gyara zama ya fuskance ni sosai, ya yi magana a hankali yana buɗe baki, irin yadda babanku yake yi mini. A nan na gane ya riga ya sani.

"Cewa ta yi yayarta ta rasu bara a ƙauyen Ƙofa, jini ne ya ɓalle mata bayan ta haihu, ba a samu mota ba. Tana tambaya, in ita ce a wurin, me za ta yi da hannunta kafin mota ta zo. Ta kira ki, ta sake kira. Yaran sun ɗauka kin ji, share ta kika yi."

Ban san lokacin da na dafe tebur ba. Amsar tambayar nan tana bakina, na yi ta da hannuna a ɗakin haihuwa tun kafin a haifi Zulai. Na tambaye shi ko wannan ne karo na farko. Ya sunkuyar da kai ya ce tun suna ɗalibai akan yi haka, su dai sun ɗauka hali ne.

"Ba zan kai wa kowa wannan ba, Malama," ya ce. "In kin ce in goge, yanzu zan goge, mu sake ɗaukar wani."

Na ce ya bar shi tukuna, ya ba ni lokaci.

Makonnin da suka biyo baya su ne kuke tunawa da cewa Umma ta zama mafaɗaciya. Ba faɗa ba ne, tsoro ne. Duk wanda ya yi dariya a farfajiyar kwaleji sai in ga da ni yake. In masinja ya ce shugaba na nemana sai in ɗauka asirina ya tonu. In na shiga aji kuwa ba na iya duban layin baya. Na gaya wa babanku komai yana alwalar magariba a tsakar gida. Ya ajiye buta ya zo gabana.

"Rabi, saura kaɗan ki yi ritaya da mutuncinki. Yaron nan ya ce zai goge, ki bar shi ya goge. In maganar ta fita, ba Malama Rabi za a riƙa cewa ba, wani suna za su laƙaba miki, kin kuma san sunan."

"In Dakta ta dawo ta shiga ajin da kanta fa?"

"Ki kwanta ciwo ranar. Wa zai ce ƙarya kike?"

Ba don rashin tsoron Allah ya faɗi haka ba. Ya ga yadda na sha wuya kafin in kai inda na kai, yana jin tsoron a wulaƙanta ni a gabansa bai iya komai ba.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Kusada wurin Inna, kakarku. Gero ya fara fitar da kai a gonakin hanya, amma ban ga kyansa ba. Na tarar da ita a rumfa tana tsintar wake, almajiran yayana, Yaya Malam, na ta karatu a zaure, ina ganin kawunansu na rausaya ban jin komai sai ɗan amo. Na je neman sanyi ne, sai na ƙaro zafi. Inna ta saurare ni har na gama, ta kama hannuna ta matso da bakinta.

"Mi kike so in ce miki, ɗiyata? Haka ya faru da Malam babanku. Ranar da ya gane ana ɓata karatu gabanshi bai ji ba, ya miƙa ma yayanki buzu, ya koma ɗaki ya zamna. Bai ƙara zama zaure ba har ya koma ga Allah. Na ga yadda zaman nan ya cinye shi. Ban so in ga haka gare ki."

"To in yi shiru ke nan, Inna?"

"Ban ce ba. Shi dai ya ce amanar karatu ta fi ƙarfin kunyarshi. Ni kau miji na rasa tun yana da rai. Ki je ki yi istihara."

Na dawo Kankiya da maganganu biyu suna ja na, kowace da gaskiyarta. Wadda ta raba gardamar, ba tare da ta sani ba, ita ce Safiya. Lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare. Ina tankaɗe a madafa sai na ji an dafa kafaɗata da ƙarfi. Na juyo na gan ta idonta cike da hawaye.

"Umma, tun ɗazu nake gaya miki Nura ya faɗo daga katanga, kin ba ni baya. Ke kullum sai kin ga dama kike amsa mutum!"

Nura bai ji ciwo sosai ba, goshinsa ne ya fashe. Amma ina wanke masa jinin ina tunanin cewa 'yar cikina ma ta ɗauka wulaƙanci nake mata. To ina ga 'ya'yan mutane da za su je ƙauye su tsaya a kan mace tana zubar da jini, da tambayar da suka yi ba a amsa musu ba?

Ranar Litinin na sa Malam Kabiru ya kira mini Dakta Maryam a waya, yana maimaita mini abin da take cewa. Na gaya mata komai. Ta ce ta yi zargin haka tun ranar bita, amma ba hurumin ta ba ne ta fara furtawa. Ta ce shirin na gyara ne, kuma za ta faɗa wa hukumar kwaleji hakan da bakinta. Daga nan na wuce ofishin shugaba da ƙafata. Ya saurare ni, ya jajanta mini, ya ba ni hutun zuwa asibiti. Sannan ya ce shugabancin sashe aiki ne na taro da waya da karɓar baƙi masu duba kwaleji, in yi tunani. Na fahimci inda ya dosa, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce na sauka. Ya tambaye ni wa nake gani zai iya, na ce Malam Kabiru.

Ku lura da wannan da kyau. Da Malam Kabiru ya ji, gidanmu ya zo da yamma, ya durƙusa a zaure yana roƙona in janye, ya ce mutane za su ce shi ya haƙa mini rami. Na ce masa in ya ƙi karɓa, wanda ba ya ƙaunar ɗaliban ne zai karɓa. Ya fita idonsa ja. Safiya ta gan shi yana fita, ta shigo ta tarar ina kuka, bayan kwana kaɗan ta ji an naɗa shi. Daga nan kuka haɗa labarinku. Mutumin nan ya riƙe sirrina lokacin da fallasa shi za ta amfane shi, kuma bai taɓa zama a kujerar ofishin nan ina tsaye ba har na bar aiki.

Kafin in tafi asibiti na sa aka kira mini Zulai. Ta shigo a tsorace. Na ce ta zauna ta kalle ni, na gaya mata ban ji ta ba ne ranar nan, kunnena ne ba ya ji. Na yi mata ta'aziyyar yayarta. Sannan na tashi na ɗauko mutum-mutumin da muke gwaji da shi, na kama hannunta na ɗora a marar, na nuna mata yadda ake murza mahaifa har ta tsuke, da yadda ake dannewa, da abin da za ta sa mutanen gida su yi kafin a samo mota. Ta yi ta maimaitawa tana share hawaye da gefen mayafi.

A asibitin kunne a Kaduna suka ce na dama ya riga ya tafi, da na zo da wuri da wataƙila an ceto wani abu. Na hagu suka sa wa na'ura. Abin da babanku ya ji tsoro kuma bai fasa faruwa ba. Akwai malaman da suka riƙa ɗaga mini murya a gaban ɗalibai kamar suna kiran wanda ke hayin kogi, akwai waɗanda suka daina shawara da ni gaba ɗaya, sunan nan ma na tsinta a leɓen wani yana ganin ban lura ba. An karɓe babban ɗakin lacca daga hannuna aka ba ni ƙananan azuzuwa. Ƙarin girman da nake sa rai kafin ritaya bai zo ba. Na ji zafin waɗannan duka, ba zan ɓoye muku ba.

Dakta Maryam ta dawo bayan an gama girbi. Ranar da za ta shiga ajina na tashi da ciwon ciki na gaske, har babanku ya ce ga uzuri Allah ya kawo. Na sa hijabi na fita. Na sa ɗalibai suka jera kujeru kamar rabin faifai yadda zan ga bakin kowa. Dakta ta zauna a gefe, Malam Kabiru na bayanta. Ina buɗe baki zan yi sallama sai na'urar ta gogi hijabi ta saki wani fito mai tsini. Wasu suka toshe baki suna dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gyara ta, na ce musu wannan kunnena ne, na hagu kaɗai ke aiki, duk mai magana ya ɗaga hannu ya fuskance ni, in ban ji ba zan ce ya maimaita, kada ya ji haushi.

Sannan na ajiye takarduna a tebur na yi musu tambaya. Na ce ga mace ta zo awo daga rugar Fulani, ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, mijinta na waje yana sauri zai koma wurin shanu. Me za ku fara yi?

Ajin ya yi tsit. Na tsaya ina jira kamar yadda aka koya mana, ban sani ba ko shirun na gaske ne ko na'urar ce ta mutu. Na bi bakunansu ɗaya bayan ɗaya, babu mai motsi. Amsar ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta. Can wani saurayi ɗan Kunduru, Isiyaku, ya ɗaga hannu.

"Malama, sai in ba ta maganin ciwon kai, in ce ta dawo mako mai zuwa."

Na ji shi, kowace kalma. Kuskure ne irin wanda ke kashe mace, kuma da a tsohon ajina ne, da ya tafi da shi ƙauye ban sani ba. Kafin in ce wani abu wata yarinya ta ce a'a, a fara gwada hawan jininta. Wani ya ce to in mijin ya ƙi jira fa? Nan aji ya kaure, ina tsawatarwa a yi ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ya maimaita, ina jan wancan ya kare maganarsa. Rabin abin da na shirya ban kai gare shi ba lokaci ya cika. Suka fita suna ci gaba da gardama har baranda.

Na zauna a kujera kaina na sarawa, ina jiran hukunci. Dakta Maryam ta tattara kayanta, ta zagayo ta tsaya ta hagu da ni.

"Malama Rabi, ajin nan naki ya cika hayaniya yau."

"Na ji ta, Dakta," na ce. "Duk na ji ta."